Fasfo na Goma Sha Uku

Allurar rigakafin da aka yi wa Malama Yahanasu kafin tafiya ba ta tashi tambayarta ba sai da suka sauka a ƙasar mutane. Tana zaune a kujerar gaba ta motar da ta ɗauko su daga filin jirgi, da rana tsaka, irin ranar can mai haske ba zafi, sai ta ji jiki ya ɗau ɗumi, ido yana lumshewa. A bayanta 'yan mata goma sha biyu ne, ɗalibanta na ajin kimiyya, waɗanda suka ci gasa aka gayyace su sansanin koyon ilimin sararin samaniya na mako biyu. Surutu suke yi kamar ranar suna.

Amma ba zazzaɓin ne ya fi cin ranta ba. Ranar tashi, bayan kowace uwa ta kamo hannun 'yarta ta danƙa a nata tana cewa "ga amana", shugabar makaranta, Hajiya Kubura, ta ja ta gefe ta raɗa mata: "An tsegunta mini a tafiyar nan akwai wadda ba ta da niyyar dawowa. In ɗaya ta ɓace, an rufe wa yaranmu ƙofa ke nan har abada." Ba ta faɗi suna ba. Tun daga nan Malama ta tattara fasfo ɗin yaran duka ta cusa a lalita ta ɗaure a ƙugu, ta shiga ƙirga kawuna, a matakalar jirgi, a layin abinci, har a ƙofar banɗaki. Zarginta kuwa ya tsaya cak a kan Badariyya, yarinya mai taurin kai da tambayar tsiya, wadda tun da aka sauka ba ta ɗauke fuska daga taga ba. Tana cikin hararar yarinyar ta madubin direba barci ya sace ta.

Sai ƙarar injin ta ɗauke. Titin ya miƙe tsaye ya nufi sama, motar ta bi shi ba gardama. Malama ta waiga, ta ga kujeru wayam, sai takalman yaran suna yawo a iska biyu-biyu. A mazaunin direba kuwa wata farar riga ce irin ta 'yan sama jannati, a kumbure, hular gilashi a bisanta, ba kowa a ciki.

Rigar ta ce, "Nawa kika kawo?"

"Goma sha biyu."

"Takardata ta ce sha uku."

Malama ta dafe lalita. Ta san irin wannan, a ruɗa ka da lissafi a zare ɗaya. Ta ce, "Wa ya aiko ka? Kai ne za ka tsallakar da ita?"

"Ni ba na ɗaukar kowa, shiga ta ake yi," in ji rigar. "Kuma tun daga gida aka auna ni."

Ƙofa ta buɗe da kanta. Malama ta sa ƙafa, sai ga ta a filin makarantarsu, amma ƙasar ta zama fara fat kamar tokar murhu, kuma kowane taku sai ya ɗaga ta sama ya sauke a hankali. Bishiyar darbejiyar bakin ofis tana tsaye a kife, ganye a ƙasa, saiwoyi suna laluben sama. A jikin wata saiwa tsohon ƙarfen tayar nan da ake bugawa a shiga aji yana lilo. Can nesa ta hango bayan Badariyya tana tafiya ba waiwaye.

"Na kama ki," in ji Malama, ta tattare zani.

Ƙarfen ya yi ƙara ba wanda ya buga shi. Ya ce, "Yahanasu, shekara goma sha takwas ina kira kina zuwa. Ranar Alhamis da na kira, ƙafafunki ne suka zo."

"Ba da kai nake ba. Ka ga yarinyar can? Da wa take magana a ɓoye?"

"Ni abin da ke kusa da ni nake ji."

Ta yi tsaki ta wuce. Har ƙarfe ma ya iya kewaye-kewaye, to lallai bakinsu ɗaya.

Filin ya yi ta sirancewa har ya ƙare a wani baki kamar na rijiya, sai dai rijiyar ba ta da ɗaya gefen. A nan ta tarar da yaran goma sha biyu a jere, sun leƙa suna kallo. Can ƙasa, cikin duhu, duniya ce take juyawa, 'yar ƙarama, kamar curin shuni. A ƙugun kowace yarinya akwai igiyar guga, ta sauka tiryan-tiryan har cikin shuɗin nan. Malama ta je ta kama ta Badariyya ta jijjiga, tana neman inda aka ɓanɓare ta. Igiyar ta fi ta kowa kauri, kuma daga can ƙasa wani hannu ya ja ta sau biyu, irin jan da uwa take yi wa zanin goyo.

"Bar taɓa abin da ba ya ciwo," in ji wata murya.

Wata ƙatuwar kaza ce, gashinta duk taurari, 'yan tsaki suna bin ta suna tsattsagar haske. Malama ta gane ta. Ita ce kaza da 'ya'yanta da kakarta take nuna mata a sama tun kafin ta san akwai abin da ake kira kimiyya.

Ta rusuna ta ce, "Iya, amana aka ba ni, kuma a ciki akwai mai shirin gudu."

"Akwai," in ji kazar. "Kira suna."

Malama ta kwance lalita. Ta fara kira kamar a aji, kowane fasfo yana buɗe baki yana amsawa, "Ga ni, Malama." Har sha biyu, ba wanda ya yi nauyin baki. Ta ɗago kai da nufin ta ce to ai ga shi, sai ta ji wata murya a shaƙe daga ƙirjinta, cikin aljihun rigar sanyi, ta ce, "Ni ba a kira ni ba."

Muryarta ce sak. Fasfo ɗinta ne ya fito, ya tsaya a iska a gabanta, ya buɗe. A tsakiyarsa ga wata 'yar takarda mai lambar wayar Saratu, ƙawarta da ta zo ƙasar nan shekara tara da suka wuce ba ta koma ba, wadda ta ce mata, ke dai ki iso, sauran nawa ne. Sai ga akwatinta ya taso, ɗinkin da ta yi wa shafinsa da baƙin zare ranar Alhamis yana warwarewa da kansa, takardun shaidar karatunta suna fita ɗaya bayan ɗaya suna fuka-fuki.

"Don ko-ta-kwana na ɗauko su," in ji Malama. "Mutum bai san abin da zai taso ba."

Kazar ta karkata kai ta dube ta da ido ɗaya. "Ku ne fa kuke cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shafa ƙugunki."

Ta shafa. Babu igiya, sai shatar lalita.

Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Amma a gaya muku gaskiya, ba kunyar kaɗai ba ce. A gefe guda wata ƙofa ta buɗe, ga ɗakin gwaje-gwaje fal da kaya, ga madubin hangen taurari wanda ta shekara goma sha takwas tana zana shi da alli ba ta taɓa sa ido a cikinsa ba. Farar rigar nan tana tsaye a bakin ƙofar, a buɗe, daidai tsawonta. Ta so ta shiga, wallahi ta so, har hawaye ya zo mata. Ƙafafunta suka bar ƙasa, ta fara tafiya can ba tare da ta taka ba, a bayanta kuwa igiyoyin nan goma sha biyu suka fara kaɗawa, yaran suna juyowa suna neman ta.

"Shaho ɗaya yake ɗauka," in ji kazar daga nesa. "Uwa in ta tashi fa?"

Malama ta miƙa hannu baya tana laluben abin kamawa, ta ƙwala kira, "Badariyya!"

Birki ya jefa ta gaba, goshinta ya bugi ƙarfen da ke gabanta. Motar tana tsaye a ƙofar sansanin, ga wani dogon kumbo na ado an kafa a tsakar fili, yara suna ta ihu suna nuna shi. Gumi ya jiƙa ta sharkaf. Badariyya ce tsaye a kanta, riƙe da gorar ruwa.

"Malama, sannu. Jikin ne? Kin kira ni."

Malama ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Ƙirga mu."

Yarinyar ta bi motar da yatsa. "Sha uku, Malama."

Malama ta zura hannu cikin rigar sanyi ta zaro fasfo ɗinta ta danƙa mata. "Ɓoye wannan. Ko na roƙe ki, ko na yi miki tsawa, kada ki ba ni sai a bakin jirgin komawa."

Badariyya ta dubi fasfo ɗin, ta dubi malamarta. "Malama, cikinmu duka me ya sa sai ni?"

"Ke kaɗai ce za ki iya ce mini a'a."

Yarinyar ba ta ƙara tambaya ba, karo na farko tun da Malama ta san ta. Ta cusa shi can cikin hijabi, ta kama hannun Malama suka sauka.