Turmi na Tara

Garga ya fizge allurar ƙarin ruwa daga hannunsa ranar Talata, ya ce wa 'yarsa Murja ta mai da shi gida. Likita ya yi faɗa, Murja ta yi kuka, shi kuwa ya zauna a bakin gado yana laluben takalminsa da ƙafa. Da la'asar taksi ta sauke su a bakin lungunmu, don mota ba ta shiga. Ni da wani mahauci muka ɗauko shi. Mutumin da na sha aunawa kilo saba'in da biyu ba kitse ko kaɗan, ranar da hannu ɗaya ma sai in ɗaga shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a unguwarmu Briqueterie. Sunana Baballe, tela ne ni. Amma in ka shigo unguwa kana neman Baballe tela, kallonka za a yi. Ka ce Tawul, kowa zai nuna maka ƙofata.

Ga asalin sunan. Garga ɗan damben boksin ne a da, na sana'a, ba na wasa ba. Ni nake tsaya masa a kusurwa da ruwa da soso, da tawul a kafaɗa. A dokar wannan dambe, in na kusurwa ya jefa tawul cikin fili, an gama, ɗan wasansa ya faɗi. Shekara arba'in da suka wuce muka je wata ƙasa neman kambu. Turmi goma sha biyu za a yi. Har na takwas Garga ne a gaba da maki. A na tara na jefa tawul. Mutanen unguwa a rediyo suka ji, kafin mu dawo sun gama shari'a: an saye ni.

Abin da ba su sani ba, akwai alama tsakaninmu. In ya dube ni ya buga kafaɗarsa ta hagu sau biyu, to ya gaza, in jefa. A turmi na tara idonsa na hagu ya mutu, ba ya ganin naushin da ke zuwa. Ya juyo, ya buga kafaɗa sau biyu, har bakinsa ya ce jefa. Na jefa. A ɗakin canza kaya ya riƙe rigata yana kuka, ya ce in Briqueterie ta ji shi ya roƙa, gara ya mutu a can. Na ce masa za a ce ni na jefa don ra'ayin kaina, shi ke nan. Da muka dawo, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ku tambayi Baballe." Ni kuma ban amsa wa kowa ba.

Wani ɗalibi da ke karatu a can ya ɗauki wasan daga tele, wato talabijin, ya aiko wa Garga kaset ɗin. Iyakar sanina shi kaɗai ne ya rage.

Garga yana da kwali guda na kaset ɗin tsoffin wasanni, na Kinshasa, na Manila, da wasu na Amurka da tun ba mu san tele ba aka yi su. Duk Juma'a in an sauko masallaci, dattawa kan taru a zaurensa a kunna manyeto, na'urar kallon kaset. Ba ya barin murya, ya ce Bature surutu ya iya. Shi ke bayani. "Ku bar kallon hannu, ku kalli ƙafa," haka yake cewa, ya sa a mayar baya, a sake mayarwa. Ni ne a gindin manyeto, don madanninsa na nesa ya ɓace tuntuni. Sau ɗaya a shekara akan sa kaset ɗin nasa wasan. In ƙararrawar turmi na takwas ta kaɗa, sai in danna in kashe. Mutane su yi dariya su ce kunya ce ta kama Tawul. Na bar su.

Ranar Laraba ya aiko Murja ta kira ni. Na same shi kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafafunsa a kumbure, kaset ɗin a kan ƙirjinsa.

"Koci," ya ce. Shi kaɗai ne bai taɓa kirana da wancan suna ba. "Jibi za a sa shi. Har ƙarshe."

"Ba za a sa ba."

"Ba shawara nake nema ba."

"To me ya sa ka kira ni?"

"Don kada ka zauna a gindin manyeto. Murja za ta zauna."

Na dubi Murja. Tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu, ba ta san kan zancen ba. Na ce ta ba mu wuri. Ta fita.

"Kana cikin hankalinka kuwa? Samarin nan kowa da wayarsa zai zo. Kafin magariba maganar ta kai kasuwar Mokolo, kafin isha'i ta kai garin Garoua. Hotonka yana rataye a wurin masu soya, inda ake gasa tsire. Yaran da ke motsa jiki a unguwar Tsinga sunanka suka rubuta a bango."

"Su goge."

"Na yafe maka, Garga. Tun a can na yafe. Ga shi na sake faɗa, Allah shaida."

"A ɗaki ka yafe. Ni a titi na yi maka."

"Ni na ɗauka da hannuna. Ba wanda ya ɗora mini."

"Matarka ta mutu ana ce mata matar Tawul." Ya tsaya yana neman numfashi. "Na je jana'izar. Na tsaya a sahun gaba. Ban ce komai ba."

Ruwa ya fara buga kwanon rufi, ya zama sai ka ɗaga murya za a ji ka, ni kuma ba na ɗaga murya a kan mara lafiya.

"Tsoro nake ji, Koci," ya ce. "Ba zan shiga rami da wannan ba."

Na tashi na fita.

Ranar Alhamis Murja ta zo shago. Malamar makaranta ce a unguwar Nkomkana, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki ta ce, "Baba, me ke cikin turmi na tara?"

"Dambe."

"Ya ce akwai haƙƙinka a ciki. Jiya bai ci komai ba, sai maimaitawa yake. Ya sa na kira mutum vingt-cinq a waya, ashirin da biyar cif, har da waɗanda suka koma unguwar Madagascar."

"Ki ba shi kunu."

"Ni fa tun ina ƙarama aka ce mini kai ka kashe masa rayuwa. Amma duk sallah kai kake mini ɗinki, kuma shi bai taɓa hana ni shiga gidanka ba. Ban taɓa gane wannan ba."

"Ba lallai ki gane ba."

Na ci gaba da taka keke. Ta jima a zaune, sannan ta tafi. Da na duba, hannun rigar da nake ɗinkawa a juye na haɗa shi. Shekara talatin rabona da irin wannan.

Ba zan yi ƙarya ba. Akwai wani abu a cikina da ke son a gani. Ina son in ga fuskar Ɗanmalam, mai sayar da atamfa, wanda shi ya fara laƙaba mini sunan, kuma har yau in na wuce shagonsa sai ya yi kamar yana goge fuska. Na kwana ina son wannan, na tashi ina jin haushin kaina.

Juma'a bayan an sauko masallaci zaure bai ɗauki mutane ba, aka fito da tele tsakar gida, aka ɗora a kan tebur ƙarƙashin rumfa. An jingina Garga da filo uku a gefe, inda zai ga allo da idonsa mai kyau. Dattawa a kan tabarma, samari a tsaye jikin katanga, mata suna leƙe daga madafa. Hayaƙin soya yana shigowa daga titi. Murja ta zauna a kujerata, gindin manyeto. Ni na zauna a ƙasa, taku biyu daga ita.

"Yau an kori mai gadi," in ji Ɗanmalam. "Tawul, in za ka yi kuka ka faɗa a miƙo maka naka."

Aka yi dariya. Garga bai yi ba.

Kaset ɗin ya tsufa, layuka suna gudu a allo, launin ya koma ruwan ƙasa. Amma ga shi nan, ɗan shekara ashirin da shida, cikin farin wando, yana tsalle a kan yatsun ƙafa. Ga ni a bayansa da gashi a kaina. Turmi na farko Garga ya yi ƙoƙarin bayani kamar yadda ya saba. "Ƙafa," ya ce, sai tari ya kama shi. Daga nan bai sake magana ba.

A na uku Garga na allo ya kai abokin karawarsa ƙasa da hagu, samari suka yi ihu kamar yau ake yi. Na biyar aka fasa masa gira, aka gan ni ina dannawa da babban yatsa. Na shida, na bakwai. Wayoyi suka fara fitowa daga aljihu. Wani saurayi ya matso ya durƙusa a gaba don ya ɗauka da kyau. Ba allo nake kallo ba, Garga nake kallo. Gumi yana bin wuyansa. Ba allo yake kallo ba shi ma. Samarin yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan Murja. Ta manta da ciwonsa, ta dunƙule hannu a cinya, bakinta yana motsi duk lokacin da ubanta ya kai naushi. Ba ta taɓa zama kusa da allon haka ba.

"Wallahi da an bar shi da ya kashe mutumin nan," in ji Ɗanmalam. "Ku duba fa. Ku duba abin da aka sayar."

Ƙararrawar na takwas ta kaɗa. A allo ina ba shi ruwa, ina magana a kunnensa. Minti ɗaya ne hutun. Na san daga tashinsa zuwa wurin da zai juyo bai kai minti biyu ba.

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Garga na allo ya miƙe.

Garga na kan katifa ya juyo da kansa ya dube ni. Ya ɗaga hannun dama da ƙyar, ya kai kafaɗar hagu, ya buga sau biyu.

A ganina ba wanda ya lura, kowa na kan allo. Ni na san abin da na gani. Ya gaza, kamar wancan karon.

Na miƙa hannu ta gaban Murja na danna. Allo ya koma shuɗi. Na zare kaset ɗin na sa a aljihun rigata.

Wuri ya rikice. Ɗanmalam ya miƙe yana nuna ni da carbi. "Kun gani? Mutum yana bakin mutuwa ya roƙi abu ɗaya, shi ma ka hana shi. Kai wane irin mutum ne?" Wani saurayi ya ce a ƙwace, wani dattijo ya riƙe shi. Murja ta ce, "Baba, ka ba ni." Ta juya wurin ubanta. "Abba, ka ce ya bayar."

Garga ya rufe ido. Hawaye yana fita ta idon da ya mutu.

"Ku tafi gida," na ce. "Mara lafiya zai huta."

Suka watse suna zagina har bakin titi. Na saba.

Ban koma gidana ba sai da aka kira la'asar. Kafin in tashi Garga ya kama bakin rigata, daidai yadda ya kama a wancan ɗaki. Na sunkuya.

"Na sake yi maka," ya ce.

"Na gani."

"Me zan ce a can?"

"Ka ce Baballe ya yafe. In an tambaye ni haka zan faɗa."

Ya rasu ranar Asabar da hantsi, Murja tana ba shi ruwa a cokali. Ni na ɗinka likkafanin. Wajen wanka na riƙe kansa, yatsana ya faɗa kan tabon girar nan. A maƙabarta Ɗanmalam bai ba ni hannu ba, wasu da yawa ma haka.

Bayan addu'ar uku Murja ta shigo shagona da manyeton a rungume, wayarsa tana jan ƙasa. Ta ajiye shi a kan teburin yanka, kan atamfar mutane. Idonta ya kumbura.

"Na rufe ƙofa," ta ce. "Ba waya, ba kowa. Daga ni sai kai. Na ga ya taɓa kafaɗarsa kafin ka kashe, Baba. Ni kaɗai na gani. Ubana ne, ina da ikon in sani."

Kaset ɗin yana kan kantar shago a bayana, tsakanin gwangwanin maɓallai da zare, inda rana ke faɗawa ta taga. Ta gan shi. Na ga ta gan shi. A waje ruwa ya ɗauke, sai ɗigo daga bakin kwano cikin bokiti.

Na saka zare a allura, na gyara ƙyallen a ƙarƙashin keke.

"A'a," na ce. "Ba zan kunna ba."