Wa Ya Wanke Karen Hoyt?

Ranar da karen Hoyt ya kusa nutsewa, kafin la'asar duk tsibirinmu ya gama yanke wa Dewey hukunci. Ni ma, gwaggonsu, ban wanke shi a raina ba.

Hoyt da Dewey 'ya'yan wana ne. Tun da ubansu ya rasu ya bar musu bukkar da ake laɓewa a harbi agwagin ruwa a bakin fadama, ba su ƙara cin abinci a tebur ɗaya ba. Hoyt, babban, shi ke da karen, Brant sunansa. Irin karnukanmu ne na bakin teku, gashi kamar busasshiyar ciyawa, ido ruwan zuma, fata tsakanin yatsu kamar agwagwa. Yakan fasa ƙanƙara da ƙirji ya ɗauko abin da aka harbo, ya fito ya girgije sau ɗaya, shi ke nan ya bushe. Kuma mutum ɗaya tak yake yarda da shi, ubangidansa. Ko fasto sai da ya bar masa ƙafar wando.

To, wannan karen ne ya shiga ruwa da safe ya kasa fitowa. Hoyt ya jawo shi cikin kwale-kwale yana karkarwa kamar tsohon da zazzaɓi ya kama. Daga nan bai zame ko'ina ba sai kantin Tyler, inda maza ke kewaye murhu. Ya ce guba aka ba karen, kuma kowa ya san wa ke son bukkar nan.

A wurinmu, wanda aka ce ya ba kare guba ya gama yawo. Mai jirgin da Dewey ke bi kamun kawa, 'yar dabbar teku mai ɓawo, ya aiko masa cewa ya huta tukuna. Matar Dewey ta zo mini da kuka. Na ce ta share hawaye, ban ce mijinta bai yi ba, amma zan je in gani.

A gidan Hoyt na tarar da Brant kwance kan buhu a gindin murhu. Da ganina ya yi gurnani.

"Riƙe mini bakin ɗan banzan nan," na ce wa Hoyt. "Ya ci abinci?"

"Ya cinye tas, Gwaggo."

"Amai fa?"

"Babu."

"Wace irin guba ce wannan mai buɗe ciki? A samo mini ita in sha."

Bai yi dariya ba. Na tura yatsuna cikin gashin. Duk wanda ya tashi da karnukan nan ya san abin da zai taɓo. Gashin sama yana da maiƙo kamar fiffiken agwagwa, shi ke hana ruwa isa ga na ƙasa mai laushi. Kuma yana wari, wari mai kama hannu har gobe. Shi ya sa ba ma sa musu sabulu. A ɗauraye gishiri da ruwa zalla, a taje, a tsane cikin kunne, magana ta ƙare. Na zaro hannuna fes, ba maiƙo ko ɗigo. Na kai hanci. Ƙamshin fure.

"Kai ka wanke shi?"

"Ni? Na haukace ne?"

"To Dewey ne ya zo da baho da tawul?"

Ya saki bakin karen. Ni kuwa na san ƙamshin nan. Kowace Lahadi yana gabana a coci, a wuyan Marvella Tull, bazawarar da aure ya kawo ta tsibirinmu daga can tudu, wadda ba ta taɓa riƙon kare ba. Na tuna kuma tun bazara Hoyt ke gyara mata rufi, rufin da bai kai girman akurkin kajina ba.

"Hoyt, karen da ya hana ni taɓa shi, ni da na karɓi haihuwar uwarsa, wa ya tsaya wa aka cuɗa shi da kumfa?"

Kunnuwansa suka yi ja kamar dafaffiyar kaguwa. Ya ce Marvella ta sha cewa warin karen yana kama mata darduma. Shekaranjiya ya bar shi a gidanta ya tafi duba raga, da ya dawo ya ga karen na sheƙi, bai kawo komai a ransa ba.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri. Zan janye maganar a hankali. Na rantse a gaban mutanen nan ba wata mace bayan marigayiya matata Lorraine. Za su cinye ni ɗanye."

"A hankali? Ƙanenka yana zaune ba aiki. Ɗauki hularka."

Muka shiga kantin. Dewey yana can gefe shi kaɗai, ba wanda ya matsa masa benci. Hoyt ya tsaya yana murza hula.

"Ba guba ba ce," ya ce. "Sabulu ne."

Tsoho Tyler ya leƙo ta saman tabarau. "Sabulun wa? Kai da rabonka da sabulu tun bikinka?"

"Na Marvella."

Sai kantin ya ɓarke da dariya. Wani ya ce ashe rufin ya yi kyau. Wani ya ce a sansana Hoyt ɗin ma. Dewey kaɗai bai yi dariya ba. Ya tashi ya zo gaban wansa.

"Yaya, ka gwammace a ce ni mugu ne da a ce kana zance?"

"Ban sani ba sai yanzu, wallahi."

"Amma sunana ne ya fara zuwa bakinka."

Hoyt ya ci gaba da murza hula, ni kuma ban sa masa baki ba.

Washegari Dewey ya koma jirgi. Brant ya yi makonni a tudu kafin maiƙonsa ya dawo, yana kallon ruwa yana kuka. A kwanakin nan Hoyt ba shi da mai ɗauko masa agwagi, dole ya je ƙofar ƙanensa ya roƙi aron karyar da Dewey ke kiwo. Dewey ya ce ba ta bin kowa sai shi, in ana so sai dai su tafi tare. Na gan su sun nufi bukkar, kowa na kallon nasa gefen ruwan.