Hagu, Yaya, Hagu

Ni mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerata ya san ba kilifa kaɗai ke aiki a shagona ba, bakina ma yana nasa. Ina iya fara wa mutum labari daga ƙeya, ban kai ƙarshe ba sai na gama gyara masa gashin baki. Saboda haka ranar da waɗanda suka ƙirƙiro wasan kwamfutar da muke bugawa ta intanet suka tambayi jama'a ko a saka hanyar magana da baki a cikin wasan, ban tsaya wani dogon tunani ba. Na zaɓi a saka, kuma na bi duk wanda na san yana wasan na dame shi har sai da ya zaɓi abin da na zaɓa.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum huɗu nan, mutum huɗu can, kowace ƙungiya da tutarta, wanda ya sato ta abokan karawa ya kawo gida shi ya ci. Mu huɗun su ne ni, da yayana, da Malama 'yar kawunmu mai koyar da lissafi, da Direba, abokina mai tuƙa motar raba kaya. Duk ranar hutu bayan cin abincin rana kowa zai zauna a gidansa gaban kwamfutarsa, mu haɗu a cikin wasan. Shekara uku muna haka, kuma duk maganar da za mu yi sai dai mu rubuta ta a wani ɗan akwati da ke gefen allo.

Wannan rubutun ya ci mini tuwo a ƙwarya. Da yatsu biyu nake danna kibod, kafin in gama rubuta "ga su nan bayanka" an riga an kayar da wanda nake wa gargaɗin, an kayar da ni, an tafi da tutar. Yaya kuwa rubutun ya yi masa daidai, domin dama shi ba mai yawan magana ba ne. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a wurin tsaga katako, kuma shi ne shugabanmu a wasan ba tare da an taɓa yin zaɓe ba. Kalma ɗaya yake rubutawa. Hagu. Tsaya. Yanzu. Muna bi, muna ci.

Da na gaya masa maganar zaɓen, sai ya ce, "Me ya sami rubutun?"

Na ce, "Yaya, Allah ya ba mu baki, mu zauna muna taɓa maɓallai kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa?"

Ya gyaɗa kai kawai. Na ɗauka na ƙure shi ne.

Bayan wata biyu aka saka maganar. Ranar farko kamar an kwance mini ɗauri. Na sa hedifon, na ja makirfo kusa da baki, na saki harshe. Ina ba da umarni, ina tsokanar Malama, ina yi wa Direba tsiya kan yadda yake tuƙa ɗan mutumin wasansa kamar motar da birkinta ya tsinke. Kowa yana magana sai Yaya. Ya rubuta cewa makirfonsa ba ya aiki, zai ci gaba da rubutu. Muka ce ba komai. Amma gaskiyar magana, tun daga ranar babu wanda ya ƙara kai ido ga ɗan akwatin nan. Mutumin da ake zuba masa magana a kunne, ina zai tuna da karatu?

Muka fara shan kashi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Yaya ba ya bin abin da muka tsara. Mu uku za mu yarda da baki cewa ta gada za mu bi, sai mu hango shi shi kaɗai ya nufi rami. Akwai ranar da na ga mutum biyu sun ɓuya a damansa, na yi ta faɗa, "Hagu, Yaya, hagu," har matata ta leƙo daga kicin ta ce ko lafiya. Yaya ya yi dama abinsa, kai tsaye cikin hannunsu. A mako na uku sau biyar a jere aka lallasa mu.

Washegari Direba ya tsaya da motarsa a ƙofar shagona, ko kashe injin bai yi ba.

Ya ce, "Ka yi wa yayanka magana. Ina ganin girmansa, amma ba zan ɓata ranar hutuna ina bin mutumin da ba ya saurarar kowa ba. Akwai wani abokin aikina da ya iya wasan nan sosai. In makon nan ma haka aka yi, shi za mu saka."

Ban kare Yaya ba. Ni ma a cike nake da shi. Na riga na yanke a raina cewa gayya ce yake yi, don an yi zaɓe ba yadda yake so ba, kuma ƙaninsa ne ya ja gaba.

Bayan kwana biyu ya zo aski, kamar yadda ya saba duk mako in ya tashi aiki. Babu kowa a shagon. Ya zauna, na kakkaɓe masa garin katako daga kafaɗa, na ɗaura masa ƙyalle, na kunna kilifa, na kuma kunna bakina. Na gaya masa abin da Direba ya ce, na ƙara da nawa. Yana kallona ta madubi, yana amsawa da guntayen kalmominsa. "Na ji." "To." "Haka ya ce?"

Sai na sunkuyar da kansa don in gyara ƙeya. Ina gyarawa na ce, "Kuma makirfon nan naka, ka kawo in duba. Ko in ba ka nawa na da?"

Shiru.

Na ce ko ƙarar kilifa ce. Na kashe ta. Shagon ya yi tsit, sai fanka. Bakina bai fi taƙi ɗaya daga kunnensa na dama ba, na sake cewa, "Yaya, in ba ka nawa?"

Bai motsa ba. Kansa a sunkuye, yana kallon gashin da ya zuba a kan ƙyallen.

Na ƙara matsowa kusa da kunnen. Na ce da ƙarfi, "Yaya, fitilar motarka da ta fashe bara, ba a kasuwa aka fasa ta ba. Ni ne na buga ta da bango."

Wannan magana, da ya ji ta, da sai kujerar ta juya da shi. Ko gezau bai yi ba. Da ya ga an daɗe ba a taɓa kansa ba, ya ɗago, idonsa ya tafi madubi, kuma ba idona ya nema ba. Bakina ya nema.

A nan komai ya dawo mini. Yadda ya daina kiran waya sai dai saƙo. Yadda in mun taru a gida yake zaɓar kujerar da ke fuskantar kowa. Yadda yake gyaɗa kai a inda ya kamata ya yi musu. Duk mako kunnuwan nan suna hannuna, ina lanƙwasa su ina bi da reza ta bayansu, amma ban taɓa lura ba, saboda ni ban taɓa yin shirun da zan gane ko ana ji na ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na zagayo gabansa na tsaya inda zai ga fuskata sosai. Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ya bi bakina da ido. Bai yi kamar bai gane ba, ba halinsa ba ne.

Ya ce, "Na dama ya tafi shekara biyu ke nan. Na hagu yana bin sa a hankali. Ƙarar injin katakon ce. Likita ya ba ni abin sawa a kunne, yana ɗan taimakawa in mutum ɗaya ne a gabana, amma cire shi nake in zan zo aski. In na ɗora hedifon a kai kuwa, ku uku kuna magana lokaci guda, ba abin da nake ji sai guguwa."

"Wa ya sani?"

"Matata, antinka. Sai kai yanzu." Ya gyara zama. "A wurin aiki sai na ce me ka ce. A gida sai na ce me kika ce. Wasan nan ne kaɗai wurin da ban taɓa tambayar kowa me ya ce ba, Auta. Komai a rubuce yake, ni da kowa ɗaya."

Ni ne na yi yawo ina tara masu zaɓe don a ƙwace masa wannan wurin. Ban faɗa ba, amma ya gani a fuskata.

Na ce, "Bari in gyara. Zan ce nawa makirfon ma ya lalace, mu koma rubutu. Ba wanda zai sani."

Sai ya yi murmushi. "Kai? Ko makirfo goma suka lalace, ta taga za ka leƙa ka yi musu ihu. Wa zai yarda? Kar ka yi ƙarya saboda ni, kuma kar ka roƙa mini alfarma wurin kowa. Ƙarasa mini askina, ka bar ni da rabin kai."

Na ƙarasa. Ban taɓa yin aski shiru irin na ranar ba.

Ranar hutu ta zo. Na zauna gaban kwamfuta tun kafin lokaci. Malama ta shigo, Direba ya shigo, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "To, ka yi masa maganar?" Ina neman abin da zan ce, sai na ga 'yar alamar da ke gefen sunan Yaya ta kawo haske. Makirfonsa lafiyarsa ƙalau.

Muryarsa ta shigo da ƙarfi fiye da kima, irin ta mutumin da ba ya jin kansa, har sai da na ɗan janye hedifon.

Ya ce, "Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Kunnena ya mutu, ba na jin ku. Mako uku kuna magana ina kallon allo. Laifina ne da ban faɗa ba. Amma bakina yana aiki, idona kuma ya fi na kowa a nan. Ga yadda za a yi: ni zan yi magana, ku ku rubuta. Wanda bai yarda ba ya rubuta, in gani."

Can sai rubutun Direba ya fito: Yi haƙuri, Yaya, wallahi ban sani ba. Malama ta fara rubuta doguwar addu'a.

Yaya ya ce, "Ba dubiya na ce ku zo ba. Malama, tsare tuta. Direba, bi ta gada, kuma ka taka birki. Auta, biyo ni, ka rufe mini baya."

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Da, sai Yaya ya ɗauke hannu daga wasa kafin ya rubuta umarni. Yanzu hannunsa yana kan aiki, bakinsa yana gaya mana abin da zai faru kafin ya faru. Kuma ba mai iya yi masa gardama, don kafin ka rubuta gardamar an wuce wurin. Ni da yatsuna biyu na koyi gajarta magana dole. Biyu dama. Ɗaya rami. Cikin wasa huɗu muka ci uku, na huɗun ma da ƙyar suka sha.

Har gobe in aka sake tambaya, a saka magana zan ce, ban canza ba. Sai dai yanzu na san in aka buɗe wa baki hanya, akwai wanda ake rufe wa tasa, kuma ba lalle ne ya ɗaga hannu ya faɗa ba.

Da muka gama wasa na ƙarshe, ba wanda ya fita. Sai Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "Shekara talatin da biyar ina neman yadda zan rufe bakin Auta, ashe kunnena ya kamata in rufe."

Muka fashe da dariya. Direba har yana tari, Malama tana cewa wayyo cikinta, ni kuwa na kifa kai a kan tebur ina bugunsa da hannu, hawaye yana zuba. Mun kai minti guda muna yi. Duk cikinmu ba wanda ya tuna da kibod.

Sai muryar Yaya ta dawo, wannan karon a hankali.

"To. Ba ta yi daɗi ba ke nan. Mu tashi."

Na ɗago kai daga tebur. Na jawo kibod da sauri, na rubuta: Dariya muke yi, Yaya. Dukkanmu. Tun ɗazu.

Ya karanta. Sannan ya ce, "Kai fa, Auta? Har yanzu irin ta Baba kake yi, Allah ya jiƙansa? Mai shiɗewar nan?"

Na goge idona da bayan hannu, na rubuta masa: Ita ce.