Bututu Mai Tumbi

Daren Laraba, ana sallame isha'i, mutanen wani lungu a Tudun Wada suka ji wani abu yana numfashi. Ba kukan janareto ba ne, ba kuma na injin niƙa ba. Fuf, sai ya yi shiru kamar mai tunani, sai kuma fuf. Tumakin da ke ɗaure a ƙofar gidaje suka daina tuƙa.

Malam Ladan yana tsugune a tsakar gidansa, gaban murhun matarsa Iyatu, yana jin maƙwabta ta bayan katanga. Wani ya ce saniya ce wani abu ya maƙale mata. Wata ta ce a nemi tsari. Sai Monica, matar Ishaya mai walda, wadda aka haifa a Kafanchan kusa da tasha, ta ce, "Wannan ai jirgin ƙasa ne, irin na da, mai kwal."

"Jirgi a Sakkwato?" in ji wani. "Ta wace hanya yab biyo?"

Ladan ya rufe baki da hannu yana dariya. Gaskiya ne dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya. Amma shi Ladan ya yi shekara tara yana zuba wa jirgi kwal da shebur tsakanin Zariya da can, har kawunan jirgi masu shan dizal suka zo aka sallame su. Yanzu shekarunsa saba'in da shida, kuma abin da ke numfashin nan shi ya ƙirƙiro shi.

Ga yadda aka yi. Shekara talatin da ɗaya Iyatu tana dafa gumi a gidan nan. Manoman Kwalkwalawa su kawo shinkafa da ɓawonta, ta jiƙa, ta turara a duro, ta shanya, kana a kai inji. Da wannan gidan yake ci. Makamashinta buntu ne, ɓawon shinkafar da inji ya fitar, shi kuwa buntu tartsatsinsa tashi yake kamar fara. Kwana goma sha biyu da suka wuce iska ta ɗauki wani ta sauke a rumfar Alhaji Maccido, maƙwabcinsu mai kiwon raguna, rabin harawar da ya tara ta rani ta ƙone. Mai unguwa Hayatu ya yanke magana: ran Alhamis da faɗuwar rana zai zo da kansa, a hura wuta sosai. In ya ga tartsatsi ko ɗaya ya tashi, murhun ya mutu ke nan, Iyatu ta nemi fili a bayan gari. Iyatu kuwa gwiwoyinta da ƙyar suke kai ta bakin titi.

Kowa ya ce a kafa dogon bututu miƙaƙƙe, irin na gidan burodi. Ladan ya ƙi. Ya ce dogon bututu ba ya kashe tartsatsi, nisa kawai yake ƙara masa, wanda zai faɗa gidan Maccido sai ya faɗa gida na uku. Ya tafi shagon Ishaya ya zana abin da yake so a ƙasa da tsinke.

Ishaya ya ɗage tabaransa na walda ya duba. "Baba, wannan bututu ne ko tulu?"

"Bututu na. Ciki gare shi."

"Wata nawa?"

"Kai dai ɗauko ƙarfe, ɗan nema. Ranar suna ana kiranka."

Siffar abin ita ce wuya siriri daga ƙasa, sannan ya buɗe ya yi tumbi. A cikin tumbin akwai mazurari na ƙarfe, tsininsa yana kallon ƙasa. Hayaƙi in ya taso zai bugi mazurarin ya watse gefe, tartsatsin ya yi ta kewaya yana gogar bango har ya mutu ya faɗa gindin tumbin, inda aka yi wata 'yar ƙofa ta kwashewa. A baki kuma raga, mai idon da ƙwayar dawa za ta wuce. Tun da duk wannan kwana-kwana tana rage wa wuta ja, sai ya sa a jawo siririn bututu daga duron shinkafar zuwa ƙarƙashin wuyan, da murfi mai nauyi a bakinsa. Tururi in ya taru ya ɗaga murfin, ya harba sama, ya ja hayaƙin tare da shi. Ladan ya ga irin wannan tumbi sau ɗaya tak, a jikin wani tsohon kan jirgi mai cin itace da aka yasar a bayan shagon gyara. Abokan aikinsa suna cin abinci, shi yana can ya cusa kai a ciki yana shafa mazurarin. Shekara hamsin abin yana zaune a kansa ba shi da amfani.

Gwajin daren Laraban ɗan kaɗan ne, buntu kwano biyu. Abin ya ja lafiya lau.

Ran Alhamis bayan la'asar gidan ya cika. Mai unguwa ya zauna a kan kujerar da aka kawo masa. Maccido ya ƙi zama, ya tsaya ya harɗe hannu yana kallon bututun, wanda ya zarce rufin ɗaki da kamu uku, baƙi, da ƙaton cikinsa.

"Malam Ladan," ya ce, "mutum in yat tsufa sai shi riƙa tasbaha. Kai ka riƙa gwangwani."

"Alhaji, kowa da abin da shika ja."

Iyatu ta cika duro da buhu biyu, ta hura wuta, tana zuba buntu da ƙwarya. Rana ta yi ja. Tururi ya fara ɗaga murfi, hayaƙi yana fita fari-fari, ba tartsatsi. Ladan ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

Ba a yi rabin sa'a ba sai ya ji numfashin ya canza, ya zama na mai mura. Kafin ya miƙe, hayaƙi ya dawo ta bakin murhu, ya kwanta a tsakar gida. Mai unguwa ya ja rawani ya rufe hanci. Mata suka yi waje suna tari, wasu suna dariya.

Ishaya ya matso kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, laifina ne. Ragar da ka ce, na ga idonta ya yi faɗi. Sai na sa ta sauro, irin ta taga. Ninki biyu."

"Ninki biyu."

"Na ji tsoron Alhaji."

Ladan ya gane. Tokar buntu ta liƙe ragar kamar an yaɓa mata ƙasa.

"Ranka shi daɗe, an gani," in ji Maccido yana share hawaye. "A kashe ta."

Iyatu ta ɗauki muciyarta ta juya shinkafa ta tsaya gaban murhun. Idanunta sun yi ja, ba ta ko ƙifta su. "Shinkafar mutane ta a ciki, ba ta nuna ba. Ba ni kashe ta. Wanda ka son kashewa shi zo shi ɗauke ni tukuna."

"Alƙawarin tartsatsi munka yi, ranka shi daɗe," Ladan ya ce wa mai unguwa. "Ba mu yi na hayaƙi ba. Kun ga tartsatsi?"

Mai unguwa ya yi tari ya girgiza kai.

Ladan ya jingina tsani da bango. Ishaya ya riƙe masa riga. "Baba, bari in hau. Ni na ɓata."

"Ka gyara min sau ɗaya, ya isa. Riƙe tsani."

Ya jiƙa buhu ya naɗe hannun dama, ya ɗauki ƙugiyar da Iyatu take fiddo guga da ita in ya faɗa rijiya. Matakala tara ce. A ta biyar ya tsaya ya huta, kana ya ci gaba. Da ya kai sama zafin ƙarfen ya bugi fuskarsa, zafin da ya sani tun yana saurayi. Ya saƙala ƙugiyar a ragar ya ja. Ta ƙi. Ishaya mutum ne mai walda da gaskiya. Ya sake ja da dukan nauyinsa, buhun ya zame, gefen hannunsa ya taɓa bakin bututun. Bai yi ƙara ba. A ja na uku ragar ta yage ta faɗo ƙasa da tokarta, hayaƙi ya yi sama a miƙe.

"To, yanzu ba abin da ka tare shi ko kaɗan," Maccido ya ce daga ƙasa. "Ya ɗebe ragar ɗungum. Ranka shi daɗe, wanga tsoho ƙone mu za shi yi."

"Raga ado ta," in ji Ladan daga kan tsani. "Tumbi ka aiki. Iyatu, ƙara mata."

Iyatu ta zuba ƙwarya uku a jere. Wutar ta yi ruri. Ladan ya tuɓe farar rigarsa, ita ce ta zuwa Juma'a, ya ce Ishaya ya miƙo masa gora. Ya rataya rigar a kai, ya shimfiɗa ta kamu ɗaya saman bakin bututun, ya riƙe. Duhu ya fara sauka, lokacin da ko wutar sigari ana hangowa daga nesa. Duk gidan aka ɗaga kai. Hannunsa yana zogi, kafaɗarsa tana neman sauka, ya ƙi sauke ta. Sai da aka fara kiran magariba a masallacin bakin titi ya janye gorar ya jefa wa Maccido rigar.

"Duba, Alhaji. In ka sami huda ko ta allura, ni da kaina nika zuba ma murhun ruwa."

Maccido ya kunna fitilar wayarsa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya juya hannayen rigar. Ta yi baƙi ƙirin, ta jiƙe da tururi, amma ba ƙuna. Ya miƙa wa mai unguwa.

Kafin ya sauko, Ladan ya zare sakatar 'yar ƙofar tumbin da ƙugiya. Baƙin gari ya zubo shar, matattun tartsatsi, ya kusa cika ƙwaryar da Monica ta tara.

"Ga su nan duka," ya ce. "Wanda ka son nashi shi ɗiba."

Mai unguwa ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce murhu ya zauna. Sharaɗi ɗaya: kullum aka yi dahuwa, a hau a kwashe tumbin nan, don in ya cika abin da ke ciki waje zai nema. Ranar da aka ƙi kwashewa, maganar farko ta dawo.

Ladan ya sauko a hankali, matakala ɗaya-ɗaya, yana sa ƙafa biyu a kowace. Da ya taka ƙasa sai ya zauna a kan turmi. Monica ta kawo ruwan sanyi ta kama hannun, fatar gefen ta tashi fari. Ishaya yana tsaye da yagaggiyar ragar yana jujjuya ta.

Mutane suka fara fita zuwa masallaci. Maccido ya kai bakin zaure ya tsaya. Ya dubi tsanin, ya dubi 'yar ƙofar can sama, ya dubi tsohon da ke haki a kan turmi ba riga. Wannan karon babu faɗa a muryarsa.

"Malam Ladan, yau ka hau. Ranar da ƙafa taƙ ƙi tsani fa, wa za shi hau?"

Ladan yana kallon hannunsa a cikin ruwa. Iyatu ta sunkuya ta ɗebo wata ƙwaryar buntu.