Murfi Biyu a Bokitin Malam Usur

Kowace Laraba da safe Malam Usur, malamin motsa jiki, yakan fitar da 'yan mata sittin da huɗu su zagaya katangar makaranta ta waje sau uku. Ba ya kiran suna, wai ɓata lokaci ne. A bakin ƙofa yake miƙa wa kowace murfin kwalbar lemo, in ta gama gudu ta jefa a bokiti. Murafu na cika, maigadi ya rufe ƙofa. Wadda aka tsaya jira, tsallen kwaɗo ne rabonta har bakin aji. Wadda ta jefa wa wata kuwa, korar mako biyu.

Doguwa tana zagaye na uku ta tarar da ƙanwarta Auta tana na biyu, tana jan ƙafa, hannu a ƙugu.

"Kunkuru, sai yaushe?"

"Yaya, jefa mini nawa. Zan shigo ta ƙaramar ƙofar baya. Yau in na yi tsallen kwaɗo sai dai a kwashe ni."

"Ke kullum da dalili."

Wata ta zo za ta wuce ta, Doguwa kuwa ba a saba wuce ta ba. Ta fizgi murfin ta ƙara mai. Ita ta fara isa, ta saki biyun a dunƙule, ƙararsu ta fita kamar ɗaya.

Ana tsakiyar darasin lissafi ta sa hannu a aljihu neman biro, ta taɓo wani abu mai sanyi. Abin shaƙar Auta ne, na asma. Wandon wasan Auta ba shi da aljihu, shi ya sa Inna ta cusa shi a nata da safe, tana cewa, "Ga amana nan."

Ta nemi izinin zagayawa, ta nufi ajin su Auta ta leƙa ta taga. Jaka na rataye a kujera, kujerar ba kowa. Ta ruga ƙofar baya, ta tarar an ɗaure ta da sarƙa, tsatsa har ta fara ci. Ta manna kunne a jikin ƙarfen ta kira sunan ƙanwarta. Ƙarar motoci kawai ta ji.

"Baba, buɗe mini, ƙanwata na waje," ta ce wa maigadi.

"Bokiti ya cika, 'yata. A gabana aka ƙirga. In fita za ki yi, kawo takarda daga Malam."

Ta same shi a ɗakin kayan wasa yana hura ƙwallo. Ta tuna korar mako biyu, ta tuna fuskar Inna, sai ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa abin shaƙar.

"Murfi biyu na jefa, Malam."

Bai tambayi na wa ba. Ya dubi agogonsa, ya ajiye famfon.

"Ina kika bar ta?"

"Bayan katanga, wajen kwana."

"Minti arba'in," ya ce, kamar da kansa yake.

Duk gudun da Doguwa ta taɓa yi kafin wannan wasa ne. Ta bar Malam a baya, ta sha kwana, ba ta ga kowa a inda suka rabu ba sai takalmi ƙafa ɗaya a bakin kwata.

"Ke, 'yar makaranta. Taku ce wannan?"

Mai facin taya ne, daga rumfarsa a tsallaken titi. Ya jingina Auta da tayar babbar mota yana yi mata fifita da kwali. Numfashinta na fita siriri kamar ana jan zare, leɓɓanta sun yi duhu.

"Na buga ƙofarku har hannuna ya gaji," in ji mai facin. "Tsohon da ke gadi ya ce 'ya'yansu duk suna ciki."

Doguwa ta ciro abin shaƙar, ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Malam Usur ya iso, ya ɗauka, ya goge a rigarsa, ya girgiza, ya sa wa Auta a baki.

"Ja. Riƙe. Saki. Kuma."

Sai a na huɗu ƙirjin ya buɗe. Auta ta yi tari mai tsawo, ta kama gefen rigar yayarta.

"Yaya, kar ki gaya wa Inna."

"Takardar kora za ta gaya mata," in ji Malam. "Mako biyu, ku biyun. Yanzu a samo mota, asibiti za mu."

Ranar Larabar da suka dawo, Malam Usur na tsaye a ƙofa da rajista, yana kiran suna yana ɗaga kai ya ga fuska. A zagaye na farko Doguwa ta hangi bokitin a rumfar mai faci, cike da ruwa, ya tsoma robar taya a ciki yana neman huji. Ta rage gudu har Auta ta iso, ta taɓa aljihunta ta tabbatar, suka ci gaba. Mutum tara suka wuce ta ranar.