Marigayin da Ya Sa Hannu

Mijin ƙanwata, wanda muke kira Jan Biro, shekara ashirin ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a kafin a rufe ta. Wata takwas yana zaman kashe wando. Ranar da ya samu aiki a wani ofis da ke saman shagon masu faci, ƙanwata har rawa ta taka a kicin.

Ofishin ɗaki ɗaya ne: fanka mai kuka, kwamfuta shida, sai Manaja da tumbinsa. Aka ce aikinsa tura wata wasiƙa ga dubban mutane ta intanet. Ya karanta, ya dafe kai. Wai wani attajiri ne ya rasu ba magaji, ya bar maka dukiyarsa, kuɗin hatimi kawai za ka turo. Kuma marigayin da kansa ya sa hannu, kwana uku bayan an binne shi. Har da hoton wani lauya a wasiƙar, silifas ɗin wanka ne a ƙafarsa.

Kada ku ce bai gane damfara ba ce. Ya gane sarai, Allah Ya yafe masa. Amma shi aikin ha'inci yana iya daurewa, aikin ƙazanta ne ba ya iyawa. Sai ya gyara wasiƙar: ya ta da attajirin ya sa hannu da ransa, sannan ya kashe shi a kan tsari. Lauya ma ya samu takalmi.

Washegari amsoshi suka yi ta zubowa. Malamai, likitoci, har da wata alƙaliya mai ritaya. Kowa da tambayarsa: wace kotu? Ina takardar asibiti? Kwana huɗu ma'aikata na fama, ba wanda ya turo ko sisi.

Manaja ya kira shi. "Malam, wa ya aike ka?"

"Ranka ya daɗe, ai ko mahaukaci ba zai yarda gawa ta sa hannu ba."

"Akwai masu yarda, su nake nema! Gawar nan ita ce rariyarmu. Mai hankali ya gani, ya yi dariya, ya wuce, bai ɓata mana lokaci ba. Wanda ya gani kuma ya amso, to ya nuna, sai tsinka. Kai kuma ka tara mini 'yan boko suna yi mini jarrabawa. Kama gabanka!"

Da rana tsaka ya dawo gida. Ƙanwata ta saurare shi har ƙarshe, tsintsiya a hannu.

"Wato har ɓarayi ma sun kore ka?"

"Saboda ƙwarewa," in ji shi.

"Sannu, gwani. Ɗaga ƙafarka, shara nake."