Tagar Ɗakin Tihon

Shin Serafima ta ƙara wa yayanta kwana ne, ko kuwa hana shi ta yi ya ci moriyar 'yan kwanakin da aka ɗibar masa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban samo mata amsa ba.

Tihon Lukich Barsukov marubuci ne da ake karanta littattafansa daga Mosko har ƙauyukan da jirgin ƙasa bai kai ba. Tun yana saurayi tarin fuka ya kama shi, ƙanwarsa Serafima ta zauna da shi a gidansu na garin Yelets. Ita ke sake kwafe rubutunsa, ita ke sallamar baƙi, ita ke dafa masa madara da zuma. Wani malamin makaranta, Anisim, ya nemi aurenta, ta ce ya dakata Tihon ya ji sauƙi. Ya dakata har ya gaji, ya tafi Tomsk, can ya yi jikoki.

Kowa a Yelets yana liƙe tagoginsa in sanyi ya matso. A cusa auduga tsakanin gilasai biyu, a bi kowace kafa da takarda da kunun fulawa. Amma akan bar 'yar ƙaramar tagar sama don shan iska. Serafima har ita take liƙewa a ɗakin Tihon, kuma da jikin ya yi tsanani, ko zafi ya shigo ba ta ɓarewa. Sabuwar takarda kawai take ɗorawa a kan tsohuwa.

"Sima," yakan ce, "kin mai da ni kabejin tsami a ganga. Ɗan buɗe, ko ƙuda ya shigo mu gaisa."

"Ƙudan zai yi maka jinya in ka kwanta? Sha madararka, Tisha."

"Gandirobar gidan nan, Allah ya ƙara miki girma."

Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ba ta gaskiya.

Wata safiya a tsakiyar sanyi, Tihon ya cika. Serafima ta rufe masa ido, ta zauna a gefen gadon. Can sai ga Iya Fyokla, tsohuwar da ta rene su duka biyu, da kwanon ruwa da farin tawul. Ta ajiye su a bakin taga don ran mamaci ya wanke jiki kafin ya kama hanya. Sannan ta zaro wuƙar yanka burodi daga aljihunta, ta miƙa hannu wajen ƙaramar tagar.

"Kada ki taɓa, Iya."

"'Yar nan, ta ina zai fita? Ƙofa ta masu takalmi ce."

"Dusar ƙanƙara ake yi. Riga ɗaya ce a jikinsa."

"Simochka," Iya ta kira ta da sunan ƙuruciya.

"Zai yi tari," in ji Serafima.

Maganar ta fita, ɗakin ya yi tsit. Sai a lokacin ta ji shirun sosai. Tun tana budurwa da wannan tarin take sanin inda yake a cikin gida, da shi take sanin ko yana rubutu ko barci. Ta kasa kunne kamar yadda ta saba. Agogon bango kaɗai ta ji.

Iya Fyokla ta zauna a kan akwati, ta ɗora wuƙar a cinya.

"Duk ran da kika tafi kasuwa," ta ce, "yakan sa in ja masa kujera nan. Ya manna goshi a gilashin, ya ce, Iya, yau ƙanshin me waje yake yi? In ce hayaƙin itace da kashin doki, ɗan sarki, me kake so ya yi? Ya ce, kai, masu gari suna shan daɗi."

"Me ya hana ki buɗe masa?"

"Na ɗauko wuƙar nan ba sau ɗaya ba. Shi ya hana. Ya ce, bar mata. Ta ba da komai nata, takardar nan ce kawai ta rage mata, kada mu yaga."

Serafima ta dubi tagar. Takardar ta taru ta yi kauri kamar bangon littafi, ta ƙasa ta yi ja, ta sama fara sol, liƙin da ta yi da hannunta a kakar bana. Ta yi zaton ita ke tsaronsa. Ba ta taɓa tambayar kanta abin da shi yake tsarewa ba.

Ta tashi, ta ja masa bargo har haɓa, ta cusa gefensa ƙarƙashin kafaɗarsa yadda take yi kullum. Ta cire mayafinta na ulu ta ƙara masa a ƙirji.

"Ba ni wuƙar, Iya."

Ta hau kujerarsa. Kunun ya bushe ya yi tauri, sai da ta sa hannu biyu. Tagar ta yi ƙara, ta buɗe, sanyi ya bugi fuskarta, da hayaƙin itace a cikinsa. Ta kauce gefe guda, ta ba shi hanya.